Mu da Laima

Ran nan da la'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, irin na tsakiyar Agusta da ba ya yi wa kowa sallama. Kafin 'yan tallan gyaɗa su sauke farantansu iska ta taso, ta kwashi ƙura da ledoji ta watsa mana a ido, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa a layinmu ya yi ta kansa. Da aka natsu a rumfar Baba Tela na ƙirga mu, mu goma sha ɗaya ne, har da almajirai biyu da wani baƙo da ya jingine babur ɗinsa a bakin kwata. Wani ya shigo da kwali a ka, wani da buhun siminti, Inna mai ƙosai ta kifa faranti a kan ɗankwalinta tana rungume da robar ƙullu. Mai laima ko ɗaya babu a cikinmu.

Baba Tela ya ɗaga ƙafa daga kan keke, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi murmushi.

"Ku dubi jama'ata," in ji shi. "Tun kaka da kakanni ake damina a garin nan, amma kullum ruwa baƙonmu ne. Ga laima jibge a Sabon Gari, ba ta fi kuɗin shinkafa kwano ɗaya ba, amma sai kwali."

Gaskiya ya faɗa. Mu dai haka muke. Ka shiga gidajen unguwar nan, da wuya ka rasa laima a kowane gida, tana rataye a bayan ƙyaure ko a saman sif ta sha ƙura. Amma in maigida zai fita da safe, ko da sama ta yi nauyi kamar za ta faɗo, sai ya ɗaga kai ya dube ta ya ce, "Wannan hadarin na Wudil ne, ba zai iso mu ba." Ya sa hularsa ya fice. In ya dawo jagab, uwargida ta miƙo masa ita ta ce ga abin da ka bari, shi kuma ya ce ai an riga an yi.

"Kabido bayan ruwa ke nan," in ji wani Alaramma daga kan buzunsa.

Almajiran suka dubi juna, don ba su san kabido ba. Alaramma ya kwatanta musu: wata doguwar rufa ce da ake saƙawa da kaba, a kifa ta daga ka ta sauko har gadon baya, manomi ya sunkuya yana noma ruwa na zurarewa ta kanta. Da ita da malafa iyayenmu suka yi damina da bazara. Dukkansu kuwa suna bar wa mutum hannayensa biyu, ɗaya ga fartanya ɗaya ga sanda. Ita laima hannu guda take cinyewa, shi ya sa tun asali ba ta zama kayan mai aikin ƙarfi ba.

Yaron da ke sana'ar POS a bakin titi, wanda ya naɗe tasa babbar laimar da gudu ya jingine ta a lungu kafin iska ta tafi da ita, ya ce, "Baba, ai ruwan namu ne ba na laima ba. Ruwan da ke zuwa a kwance, iska na tura shi? Minti biyu ta juye ta, ƙarafunan su kalli sama."

Nan ma akwai gaskiya. Ruwanmu da fushi yake zuwa, ya yi awa guda ya ɗauke, rana ta fito kamar ba a yi ba. In ban da kwanakin marka, ba mu da yayyafin nan na wuni guda da zai sa mutum ya riƙa yawo da laima a hammata. Maganin ruwa a wurinmu fakewa ne. Kuma abin da nake so a lura da shi ke nan: a garin nan ba a korar mai fakewa. Zauren kowa naka ne in ruwa ya tsuge. Shagon da ba ka taɓa sayen ko ashana a ciki ba, mai shi zai janye benci ya ce, "Shigo daga ciki, Malam, feshi na taɓa ka." Baƙon nan mai babur ba wanda ya tambaye shi daga ina, sai da aka ba shi wurin zama tukuna. Wanda ya san duk rumfar da ya tarar tasa ce, ba zai damu da ɗaukar 'yar rumfarsa a hannu ba.

Akwai kuma kunya, kada mu ɓoye. Saurayi a unguwar nan ya gwammace ya jiƙe har ƙashi da a gan shi da laima mai furanni. In ka ga laima da rana tsaka a layinmu, ɗayan biyu ne: ko mai goyo ce ta karkata ta baya don kada rana ta ƙona ƙeyar jariri, ita kuwa fuskarta na waje tana shan zafi, ko kuma dattijo ne da baƙar laimarsa zai tafi masallacin Juma'a, jikansa na biye da shi da darduma. Malamin boko da ke zaune kusa da ni ya ce wannan kunyar ba a kanmu aka fara ba. A birnin Landan ma, wajen tsakiyar ƙarni na 18, laima kayan mata ce, har wani mutum mai suna Jonas Hanway ya fara yawo da ita a titi mutane na yi masa ature. Ya ƙara da cewa sunan da Turawan Ingila ke kiran ta da shi daga Italiya suka aro shi, kuma tushensa wata kalmar Latin ce mai ma'anar inuwa. Wato su ma da rana aka fara, ruwa daga baya ya shigo.

Baƙon ya yi gyaran murya. Ashe mutumin Maraɗi ne. Ya ce a makaranta da Faransanci suna biyu aka koya musu, ta ruwa daban ta rana daban, amma da an fito kasuwa duk laima ce, daga Maraɗi har Damagaram.

"Allah gafarta Malam," in ji Baba Tela, "ita kalmar tamu fa, daga ina muka samo ta?"

Alaramma ya gyara zama, don irin tambayar da yake so ke nan. Ya ce Larabci ce, alkhaima, wato tanti, ɗakin makiyaya da matafiya da mayaƙa. Jam'inta ma ya zo a cikin Suratur Rahman. Bahaushe kuwa in ya karɓi kalma daga Balarabe yakan haɗiye farkonta ya bar lam ɗin a gaba: haka aka yi da liman, da lahira, da lafiya, da labari, da lissafi, da lokaci. Alkhaima ta bi sahunsu ta zama laima, bakin Bakano kuma ya ƙara murɗa ta ya ce lema. Ya ce 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai ma sun san wata masarauta a can ƙasar da ake kira Ras al-Khaima, to khaimar nan ita ce laimarmu.

Wannan bayani ya tsaya mini a rai. Ashe kafin ta zama abin da mutum ɗaya ke riƙewa a hannu, laima ɗaki ce da ake kafa wa jama'a. Yanzu mun ba wa wancan ɗakin sunan tanti, wanda ake haya ranar ɗaurin aure ko zaman makoki kuma muna ce masa rumfa ko kanofi. Amma kalmar ba ta manta asalinta ba. Duk inda ta je a bakinmu, sai ka tarar akwai mutane a ƙarƙashinta.

Ɗauki ta bakin titi. Wanda ya yi wayo a 2001, lokacin da wayar salula ta shigo ƙasar nan, ya tuna yadda laimomi suka tsiro a kowace kwana, ruwan ɗorawa na MTN, daga baya korayen Glo suka biyo. Layi ya fi ƙarfin talaka a lokacin, sai a je ƙarƙashin laima a buga waya a biya kuɗin minti. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, waya ɗaya, agogo a hannu, shi ke nan an buɗe ofis. A nan aka sanar da haihuwa, a nan aka sanar da rasuwa, a nan masu neman aure suka ƙarar da kuɗin aljihunsu. Da waya ta wadata laimar ba ta tashi ba, ta koma ta masu sayar da kati, yau kuma ta masu POS ce. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, wa bai yi layi a gaban laima ba? Yaron nan ya ce da 'yar laimar tasa yake ciyar da mahaifiyarsa, yake biya wa ƙannensa biyu kuɗin makaranta. In mai neman kwatance ya tambayi gidan wani, ba ma cewa lamba kaza. Cewa muke, "In ka kai wajen mai laimar nan, ka sha kwana."

Amma in ana maganar laima a Kano, kowa ya san wadda zuciya ke fara zuwa wurinta. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas mahaifina ya ɗora ni a wuyansa ranar Hawan Daushe, a Ƙofar Kudu, zamanin marigayi Sarki Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. Ƙura ta turnuƙe, dawakai sun wuce ɗari bisa ɗari, hakimi bayan hakimi, 'yan lifida, 'yan sulke, 'yan bindiga suna ta ɓarin wuta, ni kuwa duk mai babban rawani na ɗauka shi ne sarki. Na dami mahaifina da tambaya. Ya ce, "Bar kallon rawani, ɗana. Ka jira laima." Can sai kakaki ya ɗauka, tambari ya amsa, na hango ta sama da kawunan mutane, tana juyawa, tana ɗagawa tana sauka, gezarta na kaɗawa. Kafin in ga fuskar kowa jama'a sun ruɗe da "Ran sarki ya daɗe!" Dubban mutane a filin nan, laima guda ɗaya ce, kuma ita ta gaya wa na nesa inda sarki yake.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma, shi ne mutumin da ke riƙe da ita. A ƙasa yake tafiya, gefen doki, cikin ƙura da kofato, hannayensa biyu a kan sanda mai nauyi, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Inuwar da yake ɗauke da ita ba ta sauka a kansa. Malamin boko ya ce a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke taskancewa. Na yi murna da jin haka, kuma na so a ce duk mai ɗaukar hoton hawa ya riƙa sauke kyamararsa ƙasa kaɗan, ya ɗauko mana wannan bawan Allah.

Alhajin goro, wanda ya yi ƙuruciyarsa tsakanin Kano da Zangon Kumasi, ya ce in dai laimar sarauta ce to sai mun je ƙasar Asante. Ya ce ranar bikinsu fili cika yake da laimomi manya manya, kowane basarake da tasa, a ƙololuwar kowace an ɗora wata alama da aka sassaƙa mai ɗauke da magana, masu riƙonsu na rausaya su daidai da kiɗa. Tun daga nesa mai ido ya san wane ne babba wane ne ƙarami. Ya ce kuma a Gana jam'iyyar NDC, wadda aka kafa a 1992, laima ce alamarta, da kan tsuntsu a samanta, kamar yadda PDP a nan ta ɗauki laima tun kafuwarta a 1998.

Nan fa rumfa ta ɗau zafi, don kowa da inda ya karkata. Baba Tela ya buga almakashi a kan tebur ya ce ba a siyasa a rumfarsa ana ruwa. Amma kowa ya yarda da abu ɗaya: tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, ta san laima, ta san tsintsiya, kuma da su take gane inda za ta dangwala. Masu zaɓen alamar sun san abin da suke yi. Sun san in Bahaushe ya ga laima, alkawarin inuwa yake gani.

Haka 'yan rediyo. Kullum za ka ji ƙungiyoyin ma'aikata a ƙarƙashin laimar NLC, ko ƙungiyoyin kasuwa kaza sun haɗu a ƙarƙashin laima ɗaya. Dattawa sun fi cewa a ƙarƙashin inuwar wane, ko a ƙarƙashin tutar wane, amma laimar ta zauna daram, ba ta yi wa kunne baƙunta ba. Har sojan da ke dirowa daga jirgin sama mun ce masa sojan laima, don abin da ke buɗewa a kansa ya sauko da shi lafiya ba mu ga sunan da ya fi dacewa da shi ba.

Alhajin ya kai mu Saudiyya. Ya ce wanda bai san darajar laima ba ya je Arfa. Namiji mai harami ba hula ba rawani, rana kuwa a tsakiyar ka, sai laima. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin ƙasar suka ce sama da mutum 1,300 ne suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ya ce ya ga wani ɗan Indonesiya ya bar tasa laimar a kan wata tsohuwa 'yar ƙasarmu da ta zube a gefen hanya, ba ya jin yarenta ba ta jin nasa, ya tsaya a rana har ta farfaɗo. A Mina kuwa alkhaimar ce da kanta, fararen tantuna iya ganinka, waɗanda aka sake su da irin da wuta ba ta ci bayan gobarar 1997. A Madina kuma, a harabar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai manyan laimomi 250 da aka kammala a 2010. Da safe su buɗe a hankali kamar fure, da yamma su naɗe kansu. Ya ce ranar da ya fara ganin suna buɗewa, inuwa na bin sahun masallata tana rufe su, hawaye ya zubo masa.

Aka yi shiru, sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Inna mai ƙosai ce ta katse shirun. "Ku kuna ta laimar sama," ta ce, "ni laimar ƙasa ce ta dame ni. Ɗakina tun shigowar watan nan bango ya jiƙe, tabarma ta yi laima, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a gwangwani."

Aka yi dariya, amma Baba Tela ya ce gobe in Allah Ya kai mu zai turo yara su duba mata indararo. Ita ma wannan laimar ce a bakinmu, danshin da ke kama ɗaki da tufafi da damina. Mai ɗaki na ƙinta, manomi na nemanta. Bayan ruwan fari zai tona ƙasa da yatsa, in ya ji laima ta sauka sosai ya ɗauko sungumi da iri. Abin da ke tare ruwa da abin da ruwa ya bari a baya, Hausa ta haɗa su a suna ɗaya, kuma ba mu taɓa rikicewa ba.

Ni abin da na tsinta a hirar nan shi ne, a wurinmu ba a auna laima da faɗinta ko tsadar yadinta, da waɗanda ke ƙarƙashinta ake auna ta. Mun daɗe da sanin inuwa iri iri ce. Akwai inuwar giginya, na nesa ka sha. Akwai inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya. In biyu sun ɓata mukan ce ba sa shan inuwa ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce mana mu shigo ƙarƙashin laimarsa, shugaban ƙungiya ne, mai unguwa ne, ɗan takara ne, ko babban wa a gidan gado, muna da abin dubawa. Mu dubi kafaɗarsa. Mai goyon nan fuskarta ce a rana. Mai riƙe wa sarki gumi yake yi. Ɗan Indonesiyan nan tsayuwa ya yi a zafi. In mutum ya ce yana riƙe mana laima, muka ga rigarsa a bushe ƙarau mu kuwa ruwa na bin ƙeyarmu, to kansa yake riƙe wa. Mu ma kuma kowannenmu akwai wanda ke fake da shi, ko ƙane, ko maraya, ko almajirin da ke kwana a zaure, kuma za a tambaye mu yadda muka karkata ta.

Wajen magariba ruwan ya tsagaita, ya koma yayyafi. Ladan ya fara gyaran lasifika. Baƙon Maraɗi ya share sirdin babur da hannun riga, ya yi mana godiya, muka ce ya gaida mutan gida. Inna ta tattara robarta tana duban hanya, ga kwata ta cika ta tumbatsa, gidanta kuwa sai an tsallaka titi.

Baba Tela ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya jawo wata baƙar laima daga cikin ƙyallaye. Tsohuwa ce tukuf, ta koɗe ta koma ruwan toka. Ƙarfe biyu an ɗaure su da waya, gefe ɗaya ya sha faci da yadin shadda, ɗinkin kekensa ne. Ya ce ta mahaifinsa ce, da ita yake zuwa Idi. Ya kaɗe ta, ya tura ta buɗe da ƙara, ya miƙa wa babban almajirin.

"Ungo, raka Innarku gida. Ka riƙe mata sosai, kada ƙullun ya jiƙe."

Muka bi su da kallo suna tsallake kwata. Yaron ya ɗaga hannu iya tsawonsa, ya karkatar da laimar gaba ɗaya a kan Inna da robarta. Kafin su kai bakin titi, kafaɗarsa ta hagu ta jiƙe sharkaf.